Zuciyar Haladu, Ba Ta Gaba Ba Ta Baya

Shekara talatin da ɗaya Haladu mai gyaran agogo ya yi yana zaune taku huɗu daga teburin Akanni, a barandar wani tsohon kanti kusa da kasuwar Taminus a Jos, kuma a duk tsawon wannan zama bai taɓa yi masa hassada ba. Shi da bakinsa yake faɗin haka, kusan kullum, ko ba a tambaye shi ba.

A unguwar Gangare aka haifi Haladu. Mahaifinsa ya yi leburanci a wurin haƙar kuza a Bukuru, inda wani Bature da zai koma gida ya bar masa mataccen agogon aljihu. Haladu yana ɗan shekara goma sha biyu ya buɗe agogon da bakin wuƙa, ya ga abin da ke ciki, tun daga ranar bai ƙara ɗaga kai sosai ba. Ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo mutumin Gana, ya kafa akwatinsa na gilashi tun babbar kasuwa ba ta ƙone ba. A zamanin, duk wanda ya isa a Jos da agogo a hannunsa. Manyan ma'aikata daga Rayfield sukan tsayar da mota su jira shi ya gama cire gilashin da ke maƙale a idonsa kafin ya amsa gaisuwa.

Akanni kuwa, wanda ake kira Baban Busayo da sunan 'yarsa, gyaran rediyo yake yi a lokacin. Bayarabe ne haifaffen Jos, Hausa a bakinsa kamar ruwa, yana zaune cikin hayaƙin dalma da gawarwakin rediyo. Haladu yana jin tausayinsa ƙwarai, kuma abotarsu ba ta taɓa yin daɗi kamar a waɗannan shekarun ba.

Sai wayar hannu ta shigo. Akanni ya share rediyoyin gefe ya koma gyaran waya, mutane kuma suka koma duba lokaci a abin da Akanni ke gyarawa. Layin masu jiransa yakan yi tsawo har ya rufe akwatin Haladu, wasu ma su jingina da shi, su ɗora gwiwar hannu a kan gilashin da aka goge da asuba. Akanni ya gina gida. Akanni ya tafi Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Haladu ya yi masa barka har sau biyu, sannan ya yi wata guda yana tuna wa jama'a cewa aikin hajji dai niyya ce.

Abu ɗaya ya rage masa wanda Akanni ba shi da shi: zuciya.

Haladu ya shekara goma sha tara da ciwon suga. Yana ɗaukarsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya, wani lokaci a ba shi magani, wani lokaci a yi kamar ba a gan shi ba. Cikin 'yan shekarun nan ya gano wani abu da ya faranta masa rai. Idan ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa ya duba agogon da ya fi yarda da shi, bugun zuciyarsa casa'in da shida ne a minti. Yana zaune, casa'in da shida. Ya hau tudun unguwarsu da ƙafa, casa'in da shida. Ranar da aka ce masa wuta ta kama shagon ƙaninsa ya duba, casa'in da shida.

"Ba ta gaba, ba ta baya," yakan ce. "Baban Busayo kuwa, ko mota ce ta yi hon sai ka ga ya dafe ƙirji."

"Ni mutum ne, Malam Haladu," Akanni ke cewa ba tare da ya ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. "Kai kuwa batir aka sa maka."

Akwai sauran falaloli. Loma biyar ta ishe shi, ya wuni cikinsa a cike, mutane suka ce ƙana'a ce. Ƙafafunsa sun daina gumi, safa ɗaya takan kai shi mako. A masallaci kuma ya yi suna da tashi daga sujada a hankali: ya dafa gwiwa, ya ɗan tsaya, ya miƙe kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Liman ya taɓa ba da misali da shi a kan natsuwa. Gaskiyar ita ce in ya miƙe da sauri duniya duhu take yi masa, kunnuwansa su yi shuu. Amma tunda liman ya riga ya yi magana, bai ga dalilin da zai ƙaryata malami ba.

Ƙaba ma Haladu ne ya fara samu. Shekara huɗu yana ɗauke da kumburin a matsematsinsa, yana tura shi ciki da hannu, ba wanda ya sani sai matarsa Maimunatu. Da daminar bara sai Akanni ya samu tasa, 'yar ƙarama, ya yi ta kururuwa, kuma cikin mako uku aka yi masa tiyata.

Ya dawo baranda da sanda da labari. An yi masa allura a baya, rabin jikinsa na ƙasa ya mutu, yana kwance ido biyu yana jin likitoci suna musun ƙwallo. Ɗinki tara. Yakan ware yatsu ya nuna tsawon yankan, kuma Haladu, wanda aikinsa ne lura da ƙananan bambance-bambance, ya ga yatsun suna ƙara buɗewa kowane mako. Masu kawo waya sukan manta da wayar su tsaya sauraro. Matar Akanni, Iyabode, tana aiko kular farfesu da azahar, ƙamshinta na ratsa taku huɗun nan ba tare da neman izini ba.

"Ni da na riga shi ciwon," Haladu ya ce wa Maimunatu a gida. "Tawa ta ninka tasa uku."

"To Malam, sai a kai ta kasuwa a auna," in ji ta.

Washegari ya tafi babban asibiti. Likitan tiyata ya duba, ya ce ƙabar ta yi girma, hanji ya sauko da yawa, sai an sa shi barci gaba ɗaya. Haladu ya ji daɗin kalmar gaba ɗaya. Aka tura shi wajen likitar da ke sa barci, Dakta Loyis Datong, wata doguwar mace 'yar Filato mai maganar Hausar Jos, wadda ba ruwanta da namiji ko mace a cikin kalmomi.

Haladu ya shiga da lissafinsa. An ba Akanni rana cikin mako uku, shi mako biyu yake so. Ya kuma san cewa mai ƙorafi da yawa shi ake cewa ya dawo.

"Baba, kana jin jiri in ka tashi tsaye?"

"Lafiya lau."

"Abinci yana daɗewa a cikin ka? Kumburi, amai?"

"Alhamdu lillahi."

"Ka taɓa faɗuwa?"

"Ni? Likita, ki taɓa nan ki ji." Ya miƙa mata hannu. "Casa'in da shida. Ki duba gobe, ki duba jibi."

Ta kama hannun tana kallon agogonta. Haladu ma ya kalle shi, ya ga yana baya da minti biyu. Ta ce ya ja numfashi mai zurfi, ya riƙe, ya saki a hankali. Sau shida suka yi. Ta sa aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane, suka sake yin numfashin. Sannan ta kwantar da shi ta auna jininsa, ta ce ya miƙe.

"A'a Baba, ba tashin masallaci ba. Tashi kawai."

Ya tashi kawai. Bangon ofishin ya yi baya, fitila ta dushe. Da idonsa ya washe sai ya tarar da kansa a kan kujera, hannun likitar a kafaɗarsa.

"Takalmin ne," in ji shi.

Dakta Loyis ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce a jikin mutum akwai wasu jijiyoyi da ke aiki ba tare da an aike su ba. Su ke ce wa zuciya ta yi sauri in an hau tudu, ta lafa in an kwanta. Su ke matse hanyoyin jini in mutum ya miƙe, don kada jinin ya zube ƙafa ya bar kai. Su ke tura abinci gaba, su ke kawo gumi. Suga in ya daɗe yana cin su a hankali, kamar gara.

"Zuciya mai lafiya ba agogo ba ne, Baba. Yana canzawa da kowane numfashi. Naka ya daina jin kira. Jinin ka ya faɗi daga ɗari da arba'in zuwa ɗari da biyu da ka tashi, zuciyan bai ƙara ko bugu ɗaya ba don ya taimaka." Ta nuna wani lanƙwasa a takardar. "Nan kuma kamar tabo ne. Ina zaton ciwon zuciya ya taɓa zuwa ya wuce, ba ka ji zafi ba, don jijiyan da zai kawo maka labari ya mutu."

Ta ce maganin barci yana sassauta hanyoyin jini. Ga mai lafiya, jiki yakan gyara da kansa. Ga irinsa, jinin na iya faɗuwa warwas, zuciyar ta yi sanyi ko ta tsaya, abincin jiya kuma na iya tasowa ya shiga huhu ko da ya rantse ya yi azumi. Ana iya yin aikin, amma sai an shirya, kuma ba za ta iya shiryawa a kan lafiya lau ba. Ya je ya yi hoton zuciya, a daidaita sugan, ya dawo bayan mako shida da gaskiya.

"Mako shida," in ji Haladu. "Akwai wani Akanni da kuka yi wa cikin mako uku."

"Ban san shi ba, Baba."

Haladu ya gane nan take cewa ta san shi.

Abin da ya fi ci masa rai a hanyar gida ba maganar tsayawar zuciya ba ce. Abu ɗaya da ya fi Akanni da shi ne aka ce cuta ce. Ashe dafe ƙirjin da Akanni ke yi in mota ta yi hon, shi ne lafiyar.

Cikin kwana biyu ya samo mafita. Wani mai kawo masa agogon bango ya ba shi labarin wani ɗan asibitin kuɗi a bayan kasuwar Bukuru, inda ba a wahalar da mutum da tambayoyi. Ka je ranar Asabar da safe, ka dawo Lahadi. Haladu ya lissafa: kwana goma sha ɗaya ke nan daga ranar da ya fara ganin likita. Mako uku na Akanni ya sha ƙasa.

Maimunatu ta saurare shi tana tsince shinkafa. Shekara talatin da biyar ke nan tana sauraronsa, ita ce kuma ta ɗaga shi daga ƙasan banɗaki sau biyu a cikin shekarar.

"Ka gaya musu abin da likitar can ta ce?"

"Ba su tambaya ba."

"Malam, in ka mutu a Bukuru don ka riga Baban Busayo, shi ne fa zai tsaya a sahun gaba a jana'izarka. Da haƙorin nan nasa."

"Ba don shi nake yi ba. Ni ban taɓa yi wa mutumin nan hassada ba."

"Na sani," in ji ta. Ta ajiye faifan, ta yafa mayafi, ta ce za ta je wajen Maman Busayo aron rariya. Ta daɗe. Da ta dawo Haladu ya lura ba rariya a hannunta, amma hankalinsa na kan Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi, Akanni ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya sallami masu jiransa, ya jawo benci ya zauna gaban akwatin gilashi. Fuskarsa a murtuke.

"Malam Haladu, ashe haka kake? Shekara talatin muna tare, ka san manya ba ka faɗa mini ba."

"Wane manya?"

"Kar ka raina mini hankali. Busayo tana da ƙawa nas a babban asibitin. An ce naka aikin likitocin barci biyu za su tsaya a kai. Biyu! An ce za a sa maka wata na'ura da ke ƙirga jini bugu bayan bugu. An ce kai ne na farko da safe, kuma za ka kwana a ɗakin nan mai gilashi da ba a shiga da takalmi." Ya buga cinya. "Ni fa? Wani yaro ne ya soka mini allura, suka yi mini faci kamar tayar keke. Minti arba'in. Ko sunana ba su riƙe ba."

Haladu ya cire gilashin idonsa a hankali.

"To, ai jiki jiki ne," in ji shi. "Wani aikin ba kamar wani ba."

"Shi ya sa da na ji maganar Bukuru na ce madalla. Ka je a yi maka irin nawa, mu zama ɗaya. Me za ka yi da ɗaki mai gilashi? Kai gwamna ne?"

Haladu ya duba shi da kyau. A fuskar Akanni ya ga abin da ya shekara ashirin yana jiran gani, ko kuma wani abu mai kama da shi sosai. Bai tsaya bincike ba. Mai gyaran agogo ya san akwai murfin da in an buɗe ba ya komawa.

Ranar Litinin yana ƙofar Dakta Loyis tun kafin ta iso. Bai jira tambaya ba. Ya faɗi jirin da shekarar da ya fara. Ya faɗi faɗuwa biyu a banɗaki, ya ƙara da ta uku a bakin rijiya wadda ko Maimunatu ba ta sani ba. Ya faɗi tuwon dare da yake jin ɗanɗanonsa da hantsi, da busassun ƙafafu, da gumin da ke keto masa a fuska kawai in yana cin abinci. Har maganar liman ya faɗa. Likitar ta cika shafi biyu.

"Baba, me ya canza?"

"Tsoron Allah," in ji Haladu. "Likita, na'urar nan mai ƙirga jini, kowa ake sa wa?"

"A'a. Sai wanda muke tsoro."

Ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. Kafin ya fita ya karɓi agogonta ya daidaita mata shi.

Mako shidan ya bi su kamar mai jarrabawa. Ya sha magani a kan minti, ya yi hoton zuciya, ya bar shayi mai suga. Kwana ɗaya kafin aikin aka hana shi abinci mai nauyi. Da safe aka gungura shi, ya ƙirga likitocin barci da idonsa, biyu cif. Ya ga na'urar. Dakta Loyis ta ce za ta ba shi maganin kaɗan-kaɗan, ya yi ta ƙirge. Ya kai bakwai.

Abin da ya biyo baya Haladu bai gani ba. Minti kaɗan da yin barcinsa jinin ya faɗi ƙasa da rabi, zuciyar da ba ta gaba ba ta baya ta sauko talatin da wani abu, tana neman tsayawa. Allurai suna jere a kan tire tun kafin a shigo da shi, an riga an zuƙe su an rubuta suna. Aka ba shi ta farko, zuciyar ba ta amsa ba, domin wannan allurar ta hanyar jijiyoyin nan take bi. Aka ba shi ta biyu, wadda ke magana da zuciyar kai tsaye. Ta dawo. Aka jira, aka yi aikin, aka gama.

Ya farka a ɗaki mai gilashi da maƙogwaro a bushe. Bayan azahar Dakta Loyis ta zo ta gaya masa a taƙaice, ta ce da a wurin da ba a shirya ba ne, da yanzu ana maganar wanka da likkafani. Ta ce ta riga ta yi wa iyalinsa bayani a waje, matarsa da yayansa.

"Wane yayana?"

"Mai haƙorin Makka. Tun asuba yana nan. Har kuka ya yi."

Bayan wata guda Haladu ya koma baranda da sanda, ya tarar labarinsa ya riga shi zuwa. Akanni ne ke ba da shi. Yana da muryar likita, yana da ƙarar na'ura, yana da gudun nas a barandar asibiti da takalminta ɗaya a hannu. A bakinsa zuciyar ta tsaya cak har minti biyar. Jama'a suka cika wurin, wasu sun jingina da akwatin gilashi. Haladu ya yi gyaran murya ya ce ba haka aka yi ba.

"Kai ina ka sani, Malam?" in ji Akanni. "Barci kake yi."

Aka yi dariya, aka juya ga mai labari.

Haladu na nan har yanzu a wurinsa. Yana tashi daga sujada a hankali, yanzu da izinin likita, kuma akwai takarda a aljihunsa da aka ce ya nuna wa duk wanda zai sa shi barci, ko na cire haƙori ne. Ya daina ba mutane hannu su ji bugun. Ranar da ya koma a cire masa zare, ya tambayi nas ɗin, kamar abin bai dame shi ba, ko ɗinki nawa ne.

Ta ƙirga ta ce takwas.

Ya ce ta sake ƙirgawa.